Motsa jiki fiye da kima: Alamomin da jiki ke bayarwa kafin ya gaza

Motsa jiki fiye da kima shi ne mutum ya ɗora wa jikinsa wahalar da hutu da barci da abinci ba za su iya gyarawa ba kafin ya sake komawa fili. Ma'aunin abin shi ne tazarar da ke tsakanin wahalar da aka sha da hutun da aka samu, shi ya sa ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Gudun kilomita 10 da ɗan ƙwallo zai yi da safe ya wuce kasuwa abinsa, shi ne zai iya kwantar da ma'aikacin ofis ɗan shekara 45 a gadon asibiti.

Batun ya daina zama na 'yan wasa kaɗai. Da sanyin safiya, musamman ranakun Asabar da Lahadi, titunan Tudun Wada da sauran unguwannin Gusau ba sa rasa masu tattaki da sassarfa. Akwai magidantan da likita ya ce su rage teɓa saboda hawan jini ko ciwon suga. Akwai matasan da ke shirin tantancewar shiga aikin soja ko ɗan sanda, da 'yan ƙwallon unguwa masu burin taka leda wata rana a Filin Wasa na Tunawa da Sardauna, da kuma masu ɗaga ƙarfe a gidajen motsa jiki ko a bayan gida da siminti da aka zuba a gwangwani. Haka abin yake a Tsafe da Bunguɗu, gwargwadon girman gari.

Duk wannan alheri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, ko mai tsanani na minti 75 zuwa 150, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Alƙaluman da ta fitar a 2024 sun nuna kashi 31 cikin 100 na manyan duniya ba sa kai wannan mizani. Saboda haka zama wuri ɗaya ya fi wuce gona da iri yawan ɓarna, kuma nan ba wurin cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi ba ne. Sai dai wanda ya tashi ya kamata ya san inda iyaka take.

Yadda ƙarfi ke shiga jiki

Atisaye da kansa ɓarna yake yi. Yana ƙone sukarin da tsoka ta ajiye, yana yi wa zaren tsoka ƙananan yagewa, yana fitar da ruwa da gishiri ta gumi. Bayan an tsaya ne jiki ke ɗinke abin da ya yage, ya ƙara masa ƙwari fiye da yadda yake a da, kuma yawancin wannan aiki a cikin barci ake yin sa. Tsokar da aka wahalar sosai takan buƙaci kimanin awa 48 kafin ta shirya wa wani zagayen. Wanda ya koma mata kafin lokacin yana gini ne a kan ɗanyen tubali.

A 2013 manyan ƙungiyoyi biyu na masana lafiyar wasanni, ɗaya ta Turai ɗaya ta Amurka, sun fitar da matsaya guda da ta raba lamarin hawa uku. Na farko gajiya ce ta ganganci da koci ke jawowa, ɗan wasa ya huta 'yan kwanaki ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. Na biyu shi ne idan aka zarce, ƙoƙarin mutum ya ja baya har tsawon makonni ko watanni. Na uku shi ne cikakken ciwon, wanda kan ɗauki watanni da yawa, wani lokaci fiye da shekara, kuma ya sha kawo ƙarshen wasan wasu.

Babbar alamarsa ita ce mutum yana ƙara atisaye amma yana ƙara raguwa. Nisan da yake gudu cikin minti 20 ya koma sai ya yi 25, ƙafafu sun yi nauyi tun daga farko. Sauran alamomin ba su da kama da na wasa ko kaɗan: ga gajiya amma barci ya ƙi zuwa, abinci ya fita a rai, saurin fushi a gida da shago, mura a kai a kai, rauni ya daɗe bai warke ba, sha'awar iyali ta ragu. Mai ƙirga bugun zuciyarsa da asuba kafin ya sauko daga gado zai iya ganin ya haura yadda ya saba da 5 zuwa 10 a minti, kwana da kwanaki. Babu gwajin jini guda ɗaya da ke tabbatar da ciwon. Likita sai ya fara kawar da zazzaɓin cizon sauro, taifot, ƙarancin jini, ciwon hanta, ciwon suga da ciwon damuwa, domin kowannensu na iya zuwa da irin wannan kama, kuma a ƙasar Hausa su suka fi yawa nesa ba kusa ba.

Gaskiyar magana, hawa na uku ba kasafai yake samun ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati ba, domin sai an shafe watanni ana atisaye mai tsanani. Abin da ke kwantar da mutanen gari shi ne tsalle: mutum ya shekara goma daga mota sai kujera, rana ɗaya ya ce zai rama duk bashin cikin mako guda.

Idan fitsari ya koma launin shayi

Ciwon jiki bayan atisaye abu ne sananne. Yakan tsananta a rana ta biyu ko ta uku, ya lafa kafin mako ya zagayo. Wanda ake tsoro daban ne. Idan tsoka ta sha wahalar da ta fi ƙarfinta, ƙwayoyinta kan farfashe su zubar da abin da ke cikinsu a jini, har da wani sinadari mai launin ja da ake kira mayoglobin. Ƙoda ce ke tace jini, kuma wannan sinadari yana toshe ƙananan magudanan da ke cikinta, yana kuma ƙona su. Likitoci na kiran yanayin rabdomayolisis, wato narkewar tsoka.

Alamominsa su ne ciwon tsoka da ya wuce misali, kumburi da tauri a cinya ko dantse har mutum ya kasa miƙe hannu ko sauka daga matakala, kasala, sannan fitsari ya ragu ko ya koma launin baƙin shayi. Sukan bayyana cikin kwana ɗaya zuwa uku, wato bayan mutum ya riga ya koma shago yana ganin abin ya wuce. Ba kowa ne fitsarinsa ke sauya launi ba, don haka rashin ganin hakan ba shaidar lafiya ba ce idan sauran alamomin sun yi tsanani.

Ba raggwaye kaɗai yake kamawa ba. A watan Janairun 2011 an kwantar da 'yan wasa 13 na Jami'ar Ayowa ta Amurka a asibiti lokaci guda, bayan wani atisaye da aka sa su durƙuso da miƙewa sau 100 da ƙarfe a kafaɗa, jim kaɗan da dawowarsu daga hutu. Matasa ne majiya ƙarfi, masu likitoci da masu horarwa a gefe. Irin aikin da ya fi jawo shi ke nan, maimaita motsi guda sau ɗaruruwa: tsallen kwaɗo, durƙuso, ɗaga ƙarfe har hannu ya ƙi. Gwale-gwalen da wasu masu horar da yaran unguwa ke yi da sunan hukunci yana cikin wannan sahu, haka ma gasar da abokai kan yi ta wa zai fi daɗewa.

A wannan yanki baƙin fitsari yana da wasu dalilan, kamar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shawara, ko tsargiya ga masu wanka a gulbi da madatsar ruwa. Ko wanne ne daga ciki, hukuncin ɗaya ne, a tafi asibiti a ranar. A Gusau akwai Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da asibitin tarayya na FMC. Gwajin jini da na fitsari ke nuna halin da tsoka da ƙoda suke ciki, kuma idan an zo da wuri, ƙarin ruwa ta jijiya na 'yan kwanaki yakan wadatar. Jinkiri ne ke kai mutum ga wankin ƙoda, wanda duk iyalin da suka taɓa biyan kuɗinsa sun san abin da yake yi wa jari da albashi.

Akwai wani ƙarin dalili da ya sa ɗan Najeriya ya kamata ya fi Bature kula. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan na da rukunin jini na AS. Mai AS ba mai sikila ba ne, yana rayuwarsa lafiya, yana wasa, har ya zama zakara. Amma idan matsanancin gudu ya haɗu da zafi da ƙishirwa, jajayen ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa su tare ƙananan hanyoyin jini a tsoka. Wani bincike da aka wallafa a 2016 a kan baƙaƙen fata 47,944 na rundunar sojan Amurka ya gano haɗarin narkewar tsoka ya fi yawa da kashi 54 cikin 100 ga masu AS. Binciken bai ga ƙarin mace-mace a cikinsu ba, a rundunar da ke tilasta shan ruwa da hutu da sabawa da zafi a hankali. Mutane da yawa ba sa sanin rukunin jininsu sai an zo maganar aure. Matashin da ke shirin zuwa Defo na soja a Zariya ya fi buƙatar sanin nasa tun kafin ya fara gudu.

Bazara

Daga Maris zuwa Mayu zafi a Gusau yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Mai gudu a irin wannan yanayi na iya zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu cikin awa guda, kuma saboda bushewar iska gumin na ƙafewa nan take, mutum bai san ya yi asara ba. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce hawa sikeli kafin atisaye da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce ta ruwa, wato leda biyu ta fiya wata, ba kitse ba ne ya narke. Masu sa rigar leda ko rigar sanyi a cikin rana don su yi gumi su rage tumbi suna hana jikinsu hanyar da yake sanyaya kansa ne kawai, nauyin kuma zai dawo da zarar sun sha ruwa.

Jiki yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi. Wannan ya shafi wanda ya yini a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, ya kuma shafi matasa masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda da yawansu daga Kudu ko Jos suke zuwa su faɗa faretin mako uku.

Jiri, ciwon kai, tashin zuciya da ɗaurewar tsoka gargaɗi ne na a tsaya a nemi inuwa a sha ruwa, in da hali mai gishiri da suga. Amma idan mutum ya fara surutai marasa kan gado, ko tangaɗi, ko faɗa ba dalili, ko ya suma, to zafin cikin jikinsa na iya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta fara taɓuwa. A nan minti 30 na farko su ne komai. A cire masa kaya, a kwarara masa ruwan sanyi a jiki duka ba ƙaƙƙautawa, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, ana yi masa fifita, a ci gaba da hakan har cikin mota. Kada a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. Sau da yawa lokacin da ya kamata a yi wannan aiki yakan tafi ne wajen gardamar ko iska ce ta taɓa shi.

Zuciya

Ranar 12 ga Agustan 1989 Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a Babban Filin Wasa na Surulere a Legas, ana wasan Najeriya da Angola, yana da shekara 25. Binciken gawarsa ya nuna zuciyarsa ta ƙara girma. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya rasu haka a birnin Liyon na Faransa ranar 26 ga Yunin 2003, sakamakon kaurin tsokar zuciya da ba a gano ba. Ranar 8 ga Maris 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana karawa da Katsina United, bai tashi ba. A ɗaya ɓangaren akwai Nwankwo Kanu, wanda gwajin lafiya a ƙungiyar Inter Milan ya gano matsalar zuciyarsa a 1996, aka yi masa tiyata a Amurka, ya dawo ya ƙara fiye da shekara goma yana wasa.

A tsakanin matasa, yawanci ciwo ne da aka haife su da shi, wahala ta tono shi. Ga wanda ya haura shekara 35 kuwa, toshewar jijiyoyin zuciya ce ta fi yawa, kuma a nan ne tsalle ya fi muni. Wani bincike a kan masu bugun zuciya 1,228 da aka wallafa a Amurka a 1993 ya nuna cewa a cikin awa guda bayan aiki mai tsanani, haɗarin ya ninka fiye da sau 100 ga wanda ba ya motsa jiki ko sau ɗaya a mako, amma bai kai ninki biyu da rabi ba ga mai yi sau biyar ko fiye. Magidanci mai hawan jini, ko ciwon suga, ko mai shan taba, ko wanda aka taɓa yin mutuwar fuju'a a gidansu, ya ga likita kafin ya wuce tattaki zuwa gudu ko ƙwallo. Nauyi ko matsi a ƙirji, ciwon da ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, numfashi sama-sama fiye da aikin da aka yi, da suma a tsakiyar gudu, duk dalilan tsayawa ne nan take. Idan mutum ya faɗi ba ya numfashi, a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, yayin da wani ke neman mota.

Mai zazzaɓi ba ya atisaye. Zancen a fita a yi gudu gumi ya fitar da zazzaɓi ba shi da tushe, kuma wasu ƙwayoyin cuta kan kumbura tsokar zuciya idan aka matsa mata a lokacin.

Ƙwayoyin da ke rufe bakin ciwo

Ciwo shi ne ɗan aiken jiki, kuma hanya mafi sauri ta wuce iyaka ita ce a toshe masa baki. Diklofenak da ibuprofen da ake saya a kemis ba takarda suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, don haka shan su kafin gudu cikin zafi, ko a kan tsokar da ta fara narkewa, ƙara wa Borno dawaki ne. Tiramadol ya fi haka illa. Yana sa mutum ya ci gaba da aiki a kan raunin da ya kamata ya tsayar da shi, yana jawo jijjiga, yana kuma kama mutum ya kasa rabuwa da shi. Binciken ƙasa na 2018 kan shaye-shaye ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Najeriya na amfani da irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba, kuma daga 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta tiramadol a lokacin gasa. Allurai da ƙwayoyin kumbura dantse da ke yawo a tsakanin wasu masu ɗaga ƙarfe kuwa suna ta da hawan jini, suna taɓa hanta, suna ƙanƙantar da maraina har su rage haihuwa.

Ƙashi ma yana gajiya. Tun a 1855 wani likitan sojan Jamus mai suna Breithaupt ya bayyana kumburin ƙafar sojoji bayan doguwar tafiya, wanda daga baya aka gane ƙananan tsagewa ce a ƙashi. Alamarta ciwo a wuri guda da za a iya nunawa da ɗan yatsa, a ƙwauri ko bayan ƙafa, mai ƙaruwa da gudu a kan kwalta da takalmin da ya suɗe. Hoton farko na iya kasa nuna ta, kuma murzar maɗori ba ta da amfani a kanta. Maganinta makonni shida zuwa takwas ba gudu. Mata masu haɗa atisaye mai yawa da ƙin cin abinci don su rame sun fi shiga wannan haɗari. Idan al'ada ta ɗauke wata uku ba juna biyu, jiki ne ke sanar da cewa abincin bai isa ba, ƙashi kuma na raguwa a ɓoye.

Azumi da tsarin mako

A 2024 da 2025 Ramadan ya faɗo a watan Maris, farkon bazara. Mai azumi ya rage tsanani da tsawon atisaye, ya mayar da mai nauyin zuwa bayan buɗa-baki da awa biyu ko bayan tarawihi, ya rarraba shan ruwa tsakanin magariba da sahur. Ƙwallon la'asar da matasa ke bugawa cikin rana da ƙishirwar yini guda shi ne mafi haɗarin lokaci. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin ya tuntuɓi likitansa, domin sukarin jininsa na iya faɗuwa ba shiri.

Magabata ba su san sunayen waɗannan cututtuka ba, amma kalandarsu ta tanadi hutu. Dambe da kokawa, wasannin da ƙasar Zamfara ta fitar da gwanaye irin su Shago a cikinsu, da kaka ake yin su bayan an kai amfanin gona gida, ga hatsi ga sanyin gari, kuma da yamma. Damina na zuwa kowa ya koma gona. A yau ana dambe da ƙwallo shekara zagaye a birane, don haka hutun da yanayi ke tilastawa a da, yanzu sai mutum ya tsara shi da kansa.

Mai farawa ya soma da tattaki mai ɗan sauri na minti 15 zuwa 20, irin wanda zai iya magana a cikinsa amma ba zai iya rera waƙa ba. Masu horarwa kan ce kada ƙarin mako ya wuce kashi 10 cikin 100 na makon baya. Wannan ƙiyasi ne na gogewa, amma yana hana tsalle. A bar kwana ɗaya ko biyu a mako ba atisaye, kada ranaku masu tsanani su biyo juna, a nemi barcin awa bakwai zuwa tara. Ɗan kasuwar da ya yini yana sauke buhuna, ko wanda ya kwana a hanyar Kano ko Sakkwato, ya lissafa wannan a cikin wahalar makonsa, domin jiki ba ya raba gajiyar shago da ta fili. Wanda ya dawo daga jinya, tafiya ko hutun da ya kai mako biyu ya koma da rabin abin da ya saba. Idan kuma an yi hutun mako biyu cif gajiya da raguwar ƙoƙari ba su sauka ba, a je asibiti da bayanin ranakun atisaye, awannin barci da sunan duk wata ƙwaya ko garin ƙara ƙarfi da ake sha.